Huɗun da Aka Rubuta wa Lydia

A Kakuri aka haifi Lydia Pam, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da rijiya ɗaya, bayan layin masu gyaran mota. Mahaifinta mutumin Filato ne. Ya zo Kaduna tun yana saurayi ya kama aiki a masaƙa, ya yi shekara ashirin da wani abu a gaban inji har ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Da aka rufe masaƙar bai yi shekara biyu ba ya rasu. Lydia tana aji biyar na sakandare a lokacin. Ta lallaɓa ta gama, amma maganar ci gaba da karatu ba ta ma taso ba. Uwarta, wadda duk layin ke kira Mama Lydia, gwate da tuwon acca take sayarwa a ƙofar gida, kuma da wannan sana'a ta riƙe 'ya'ya huɗu.

Ƙawarta Faith ce ta samo mata aiki. Faith 'yar mutanen Akwanga ce, gidansu na layin gaba, cocinsu ɗaya, kuma tare suke cikin ƙungiyar mawaƙa. Ta girmi Lydia da shekara guda, ta kuma fi ta baki nesa ba kusa ba. Tana aiki a kicin ɗin kulob ɗin golf da ke tsallaken kogi, to da aka ce ana neman mai wanke-wanke sai ta je ta yi wa mai kula da kicin magiya har ya yarda. Daga nan kullum da sassafe tare suke hawa bas su haye gada, da yamma su dawo tare, Faith na ba da labarin manyan mutanen da ta gani, Lydia na dariya.

Ranar Litinin kulob ba ya cika, sai ma'aikata su sami sarari. Wata Litinin suna bayan kicin suna wasa da wata karyayyar sandar golf da aka yar, suna bugun ƙwallon mangwaro, sai ga Baba Sam ya biyo ta wurin. Shi ne ƙwararren ɗan wasan da kulob ya ɗauka yana koyar da membobi. Mutumin Binuwai ne mazaunin Gonin Gora, wanda ya fara da ɗaukar wa Turawa jaka tun yana ƙarami. Ya tsaya ya kalle su, ya wuce. Litinin ta gaba ya zo musu da sanda mai lafiya da bokitin ƙwallaye, ya ce idan da gaske suke su same shi a filin gwaji da zarar sun gama aiki.

Shi ya koya musu komai. Ya nuna musu cewa rami goma sha takwas ne a fili, kuma wanda ya zura ƙwallonsa a dukkansu da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Ya kuma faɗa musu abin da ya bambanta wannan wasa da sauran: babu alƙalin da ke bin kowa a baya. Kai za ka faɗi bugun da ka yi, abokin wasanka ya rubuta maka a kati, in an gama ka duba ka sa hannu. Wanda ya sa hannu a katin da ya nuna ƙasa da abin da ya buga, ko da kuskure ne, an fitar da shi daga gasar. Wanda kuwa aka kama ya rage da gangan, sunansa ya gama lalacewa, domin ba wanda zai ƙara yarda ya yi wasa da shi.

Faith ta fi ƙarfin bugu. In ta ɗaga sanda ƙwallo kan yi tafiya har sai ka sa hannu a goshi kafin ka ga inda ya sauka. Lydia gajeriya ce, ba ta kai ta nisa ba, amma surfen acca ya ba ta ƙarfin wuyan hannu, ga ta da haƙuri. In ƙwallo ya matso kusa da rami, da wuya ta yi bugu biyu inda ɗaya zai isa. Baba Sam yakan ce da za a haɗa su a yi mutum ɗaya, da ba mai kama su a ƙasar nan.

A unguwa dariya aka riƙa yi musu da farko. Wasan masu kuɗi, in ji mutane, me ya haɗa 'yar mai gwate da shi? Amma da Lydia ta dawo daga Jos da kofinta na farko, makanikan layin suka rufe shago rabin yini suka zo gani. Ɗaya daga cikinsu, Chigozie, ya yi mata waldar wani ɗan keke na jan jaka da ƙarfen tsohon gado, kuma ta yi shekara shida tana amfani da shi.

Haka suka yi ta yawon gasa tare, Kano, Ibadan, Fatakwal, ɗaki ɗaya, kular abinci ɗaya. A shekarar 2013 suka ci jarrabawar zama ƙwararru a rana ɗaya, suka ajiye aikin kicin. Mata ƙwararru ba su da yawa, saboda haka matan manya da ke son koyon wasan suka yi ta neman su. Lydia ta ɗauke uwarta daga Kakuri ta kama musu ɗaki biyu da falo a Kamazou. Da Faith ta tashi aure Lydia ce babbar ƙawa, da ta haihu kuma ta sa wa jaririyar suna Lydia. Duk gasar da aka haɗa su rukuni ɗaya, sun daɗe da daina duba katin juna. Kowacce takan karɓa ta sa hannu tana hira.

A shekarar 2018 aka shirya wata gasa ta kwana uku a wani birni na Kudu. Kamfanin da ya ɗauki nauyinta ya yi alkawarin cewa macen da ta zo ta ɗaya za a kai ta Afirka ta Kudu ta yi wata shida tana buga manyan gasa, ita da kocinta. Ba a taɓa yi wa mata irin wannan tayi ba. Lydia tana da shekara talatin da ɗaya, kuma ba ta taɓa jin hannunta ya zauna kamar wannan shekarar ba.

Ranar ƙarshe ita ce a gaba, Faith na biye, sai wata 'yar Kano mai suna Zainab ta uku. Su ukun aka haɗa a rukunin ƙarshe. Aka ba Faith katin Lydia, Lydia ta riƙe na Zainab, Zainab ta riƙe na Faith. Baba Sam yana bin su a ƙafa daga gefe, da hular rana da gorar ruwa.

Rami na goma sha huɗu yana da wuya, ga rafi a tsakiya, ga ramin yashi a gefen hagu. Bugun Lydia na biyu ya faɗa yashin. Ta fito da shi, ta yi bugu biyu kafin ya shiga. Zainab ta riga ta gama nata ta yi gaba. Faith ta ciro kati ta tambayi Lydia bugu nawa.

"Biyar," in ji Lydia. "Yashin nan ya cuce ni."

Baba Sam yana tsaye a gindin wata bishiya, taku kaɗan daga wurinsu. Ya ce, "Biyar a wannan ramin ba laifi ba ne. Ki ci gaba."

Ta ci gaba kuwa. Ta gama sauran ramuka huɗun ba tangarɗa, kuma a nata lissafin ta fi Faith da bugu biyu. Da ƙwallon ƙarshe ya shiga mutane suka yi ta tafi, Faith ta rungume ta, wata mata ta yayyafa mata ruwa a ka. A cikin wannan hayaniya suka shiga rumfar karɓar kati. Faith ta miƙo mata katinta, Lydia ta sa hannu idonta cike da hawaye, ta fito ta kira uwarta a waya.

Tana wanke fuska aka aiko ana neman ta a ofis. Ashe Zainab ce ta tsaya a gaban allon da ake rubuta sakamako, ta ga an sa wa Lydia huɗu a rami na goma sha huɗu, ta ce da mai rubutun ai ya yi kuskure, biyar ne. Ba da wata manufa ta faɗa ba. Mai rubutu ya duba kati ya ga huɗu, maganar ta kai ga babban alƙalin gasa.

Alƙalin ya tambayi Lydia bugu nawa ta yi a ramin. Ta ce biyar, ko tunani ba ta tsaya yi ba. Sai ya juyo mata katin. Ga huɗu nan da rubutun Faith, ga kuma sa hannunta a ƙasa. Ta nemi kujera ta zauna. Ta san doka, ba ta yi gardama ba. Ta ce laifinta ne da ba ta duba ba, kuma ta yarda a fitar da ita. Abin da ke ranta a wannan lokacin, ban da baƙin cikin tafiyar da ta kuɓuce mata, shi ne yadda za ta lallashi Faith, domin ta san za ta ɗora wa kanta laifi. Har ta shirya abin da za ta ce mata: tunda ɗayarsu ce za ta tafi, ai ba a yi asara duka ba.

Aka kira Faith. Alƙalin ya yi mata magana ba wasa. Ya ce ita ta rubuta, kuma ita za ta amfana in an fitar da Lydia, saboda haka dole ta yi bayanin yadda biyar ta koma huɗu. Faith ta daɗe tana kallon tebur.

"Na tambaye ta, ta ce huɗu," in ji ta. "Na ce mata kamar biyar na ƙirga. Ta ce in rubuta huɗu."

Lydia ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta juya ta kalle ta, ta ce, "Faith, dube ni ki sake faɗa."

Faith ba ta ɗago ba. Ta fashe da kuka, tana cewa ita dai abin da aka ce mata ta rubuta.

Aka tambayi Zainab, ta ce ta riga ta yi gaba, ba ta ji abin da suka ce ba. Lydia ta ce a kira Baba Sam, yana wurin, har ya amsa mata. Da ta faɗi sunansa sai ta ji hankalinta ya ɗan kwanta, domin a shekara goma sha biyu ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ya shigo da hula a hannu. Ya saurari tambayar, ya yi gyaran murya, ya ce yana nesa, ya dai ga suna magana amma bai ji komai ba.

Mota ɗaya suka zo su uku. Lydia ta koma ita kaɗai a babbar bas, jakar sanduna a ƙarƙashin ƙafarta, kwana da yini a hanya. Da hantsi ta sauka a Sabon Tasha, ta tari keke zuwa Kamazou. Ta tarar uwarta ta riga ta gaya wa maƙwabta an ci, har an dafa shinkafa.

Bayan mako uku takarda ta iso daga ƙungiyar ƙwararru. An dakatar da ita shekara biyu daga gasa da kuma koyarwa a kowane kulob, bisa laifin maguɗi. Shekara biyun ba su dame ta kamar wannan kalma ba. Ta je kulob ɗauko kayanta, mutanen da ta shekara tana gyara wa riƙon sanda suka riƙa kawar da kai. Wani ya faɗa a bayanta, yadda za ta ji, cewa dama ya daɗe yana mamakin kofunan nan nata. Matan da take koya wa suka daina ɗaukar wayarta, sai mutum ɗaya, Hajiya Binta, tsohuwar shugabar makaranta da ta fara wasan bayan ta yi ritaya. Ita kam mota ta shiga ta hayo gada har Kamazou, ta zauna a falo ta sa Lydia ta ba ta labarin daga farko. Da ta gama ji ta ce shekara talatin ta yi tana sauraron yara masu ƙarya da masu gaskiya, kuma ta san bambanci. Ta ce an hana Lydia koyarwa a kulob ne, ba a hana ta a gona ba. Suka sami wani fili da ba a noma ba a Kakau, na wani ɗan cocin su Lydia, kuma kowace Asabar a can suke haɗuwa, Hajiya da wasu ƙawayenta biyu, suna buga ƙwallo zuwa gindin wata ɗorawa.

A watan Janairu Faith da Baba Sam suka tashi zuwa Afirka ta Kudu. Hotuna suka yi ta yawo a waya, ga su a filin jirgi, ga su a wani fili kore shar da duwatsu a baya. Lydia ta san kallon hotunan ciwo yake ƙara mata, amma ba ta bar ko ɗaya bai wuce ta idonta ba. Ban da Asabar, sauran kwanakin mako tana taya uwarta sayar da gwate a bakin titi. Faith ba ta yi abin kirki a can ba. Wata huɗu suka yi suka dawo.

Da Faith ta dawo sai matan zumunta na cocinsu na Kakuri suka ce ba za su zuba ido 'ya'yansu biyu suna gaba ba. Suka kira su gidan fasto ranar wata Laraba da la'asar. Faith ta zo da ƙaramar Lydia a hannu, yarinyar ta zame ta ruga ta rungume ƙafar takwararta, ita ba ta san komai ba. Aka yi addu'a, aka yi nasiha mai tsawo. Faith ta durƙusa tana kuka, ta ce Shaiɗan ne ya shiga tsakaninsu, duk abin da ya faru a yafe. Lydia ta lura ba ta faɗi abin da ya farun ba. Ta nemi a ba su wuri su biyu, suka fita bayan gida wajen tankin ruwa.

A can Faith ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tsoro ta ji. Da ta ce ita ta yi kuskure, da sun ce da gangan ta yi, su kore ta ita ma.

"To da gangan kika rubuta huɗun?" in ji Lydia.

Faith ta ce, "Allah ya sani, ni ma ban sani ba."

"Wannan na bar ki da shi. Amma kin san ban ce huɗu ba. Layi biyu za ki rubuta musu, ki ce biyar na faɗa. Shi ke nan abin da nake nema."

Faith ta ce za ta yi shawara da mijinta. Da suka koma ciki matan suka ce su rungumi juna a rufe magana. Lydia ta ce sai takarda ta fita tukuna. Nan take fuskokin matan suka canza. Shugabarsu ta ce wadda ta yi laifi ta durƙusa, wadda aka roƙa kuma ta taurare zuciya, to yanzu wace ce mai laifin? Takarda ba ta taɓa fita ba. A coci kuwa labarin da ya bazu shi ne Lydia ba ta yafiya. Ta yi Lahadi uku tana jin ana wa'azi ana satar kallonta, sai ta ajiye rigar mawaƙa ta koma wani ƙaramin coci kusa da gida, inda ba wanda ya san ta.

Wa'adin dakatarwar ya cika daidai lokacin da cutar korona ta rufe komai, shekara biyu ta zama uku. Ta dawo gasa tana da shekara talatin da huɗu. Bugunta na nesa yana nan, amma kusa da rami, inda a da ba ta da na biyu, ta fara kuskure. Dalili kuwa, duk wadda aka haɗa ta da ita takan ƙirga bugunta a fili, ɗaya, biyu, uku, kamar mai gadin ɓarawo. Wata yarinya da ba ta kai shekara ashirin ba ta taɓa biyo ta har cikin ciyawa ta tsaya a kanta don ta ga ko za ta taɓa ƙwallo da ƙafa. Lydia ta buga ƙwallonta ta wuce. Ta zo ta biyar, ta zo ta uku, sau ɗaya ta ci a Jos, tafin da aka yi mata bai kai ya kawo ba. A lokacin Faith ta bar wasa, ta koma Abuja da mijinta, ta shiga cikin masu shirya gasar mata. In sun haɗu a wurin rajista sai Lydia ta bi wani layin.

Baba Sam kuwa shekara biyar ba su yi magana ba. In ya hango ta a kulob sai ya sami abin yi a wani gefen. Bara da rani ɓarin jikinsa ya shanye, ya bar aiki. 'Yarsa Grace ta zo har Kamazou ta ce yana son ganin Lydia. Lydia ta yi mako biyu tana ja da baya, sai da uwarta ta ce mata mara lafiya ba a sa masa rana.

Gidan yana bayan masu sayar da doya a bakin titin Abuja. Ta same shi a kan tabarma a inuwar baranda, ya rame, bakinsa ya karkace. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta zauna nesa kaɗan. Maganarsa na fita da ƙyar, sai ta matso.

"Na ji ki ranar nan," in ji shi. "Biyar kika ce. Har na amsa miki."

Ta ce ta sani.

Ya yi mata bayani a hankali, yana tsayawa yana haɗiyar yawu. Ya ce da aka kira shi ofis ya riga ya san ita ta fita, ko me ya faɗa, tunda ta sa hannu. In ya faɗi gaskiya Faith ma ta fita, sai 'yar Kano ta tafi da kocinta. Ya ga ɗaya ta riga ta faɗi, ya ce kada ya rasa biyu. Ya ƙara da cewa shekara arba'in ya yi a wannan wasa yana raka mutane filin jirgi, bai taɓa shiga jirgin ba. Wannan ma yana ciki, ba zai ɓoye ba.

"Baba, tafiyar na riga na haƙura da ita tun kafin ka shigo," in ji Lydia. "Sunana nake jira ka tsamo mini. Kalma ɗaya ce."

Ya yi hawaye ta ido ɗaya. Ya sa Grace ta ɗauko takarda da biro, ya faɗa ta rubuta, ya sa hannu da hagu, ya kuma dangwala yatsa don kada a ce ba shi ba ne. Lydia ta karɓa ta yi godiya. Ya nemi ta ce ta yafe masa. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tashi.

Da kanta ta kai takardar ofishin ƙungiya a Abuja. Sakataren da ta tarar sabo ne, bai ma san da maganar ba. Ya karanta, ya ce abin ba daɗi, amma tunda ta riga ta gama wa'adin bai ga abin da za a janye ba. Ya buga hatimi ya sa a fayil, ya ce za a kai gaban kwamiti. Ta koma sau biyu. Na farko aka ce kwamiti bai zauna ba, na biyu aka ce ana neman fayil ɗin. Labari dai ya kai kunnen Faith, domin ta aiko mata da saƙo a waya, na farko a shekara huɗu, tana tambaya me za ta samu in ta tono abin da ya wuce, kuma ta tuna akwai yara a tsakani. Lydia ba ta ba ta amsa ba.

Baba Sam ya rasu da damina. Lydia ta je taron addu'ar da aka yi a ƙofar gidansa kafin a tafi da gawar Binuwai, ta zauna a baya cikin maƙwabta. Faith ta zo daga Abuja, aka ba ta lasifika, ta yi jawabi mai daɗi a kan mutumin da ya tsamo su daga kicin ya koya musu gaskiya da riƙon amana. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Lydia ta jira aka fara waƙa, ta je ta yi wa Grace ta'aziyya, ta fita bakin titi ta tari mota.

Hajiya Binta ce ta karɓi kwafin takardar ta karanta a taron matan kulob, ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Mata biyu suka kira Lydia suka ba ta haƙuri, ɗaya ta dawo ɗaukar darasi. Sauran suka ce tsohuwar magana ce, kuma mutumin da ke kan gadon mutuwa yana iya faɗin komai.

Yau Lydia tana nan Kamazou da uwarta, wadda ciwon gwiwa ya sa ta bar sana'a. Tana koyarwa kwana uku a mako, tana buga duk gasar da ta samu, kuma ta riga ta yi rajistar wadda za a yi a watan Nuwamba. Ba ta ɗauko maganar da kanta, in kuma an tambaye ta takan faɗa daga farko har ƙarshe ba ta ɗaga murya. Kwanan baya suna tsince wake a tsakar gida uwarta ta tambaye ta ko har yanzu abin na ranta. Ta ce yana nan. Ta ce ranar Lahadi in jama'a suna addu'a tare aka zo wajen yafe wa waɗanda suka yi maka laifi, takan yi shiru ta bari su wuce, sannan ta kama daga gaba. Uwar ta miƙo mata faranti ta zuba waken da ta tsince.